Yadda ake zuba wa injin ban-ruwa ringi, a duba fistin da kwanrod da ramin silinda

Da zarar ruwa ya ɗauke manoman rani suka fara shirin albasa da tumatur da alkama, to mu kuma kakarmu ta kama, za ka ga ana ta sauke injina daga bayan babur a bakin shago kuma duk kukansu ɗaya, yana hayaƙi, yana shan baƙin mai, ba ya jan ruwa kamar bara, malam ka ɗan zuba masa ringi kawai. Wannan "kawai" ɗin ita ke ja wa mutane asara, don ringi, wato zoben ƙarfen da ke kewaye fistin yana toshe iska da mai, sabo a cikin ramin silindar da ya cinye ba ya wata biyu. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta wa masu koyo yadda nake yin aikin tun daga farko.

Injin da zan yi magana a kai shi ne wanda kowa ya sani, GX160 na Honda da 'yan China da suka kwaikwaye shi masu lamba 168F, wanda ake haɗa wa famfo inci biyu ko inci uku, shi ne kuma a jikin janareto da yawa da injin markaɗe. Faɗin ramin silindarsa milimita 68 ne. Wansa GX200 ma 68 ne, amma akwai 170F mai 70, saboda haka kar ka dubi fenti da sitika ka yanke hukunci.

Kafin ka kwance komai ka tabbatar ringin ne. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, matsalar kabreta ce ko filta ta toshe, babu ruwan ringi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi mai ƙaurin mai shi ne namu, amma shi ma ka fara duba ko an cika baƙin mai fiye da kima ko an kwantar da injin a kan babur mai ya gangara sama, sau da yawa wannan ne kawai. Ka kuma duba bawul ko sun ɗaure. Gwaji mai sauƙi: ja igiya ka ji nauyinta, sannan ka cire filogi ka zuba baƙin mai cokalin shayi ɗaya ta ramin ka mayar ka sake ja, idan ta ƙara nauyi sosai to ringi ne ke zubar da iska, idan ba ta canza ba ka koma kan bawul da gaskit. Ka sani injin nan yana da ɗan abin rage matsi a jikin kamshaf don igiya ta yi sauƙin ja, don haka laushin igiya shi kaɗai ba hujja ba ne.

Kayan aiki

Soket da sifana lamba 8, 10, 12 da 14, sifanar filogi, sukudireba, filaya mai dogon baki, guduma mai ƙotar itace, fila geji wato siraran ƙarafan nan masu lamba na auna tazara, wannan dole ne, ba shi da tsada kuma in babu shi lalube kake yi a duhu. Ƙaramin magagari mai laushi, sanfefa lamba 240 ko 320 da kuma mai laushi sosai kamar 600, kananzir, omo da ruwan zafi, buroshi, farin tsumma mai tsabta, robobi ko gwangwanaye na zuba notuna kashi-kashi, da baƙin mai sabo lita ɗaya. Idan kana da tok-renc, wato sifana mai auna ƙarfin ɗauri, da maikiromita na auna kauri, ka gode Allah, idan babu zan faɗi dabara a gaba.

Kayan saye kuwa kar ka saya sai ka buɗe ka gani. Cikakken gaskit dai za ka buƙata ko ta yaya, da oyil sil, da kilif biyu na fin ɗin fistin. Sauran ka ɗauki tsohon fistin da kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, a leda ka tafi da su kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna ko ta garinku, a gwada a gabanka, domin akwai fistin mai siririn ringi akwai mai kauri kuma ba sa shiga na juna.

1. Wanki da juye mai

Wanke bayan injin tas da kananzir kafin ka buɗe, laka da yashin fadama su tsaya a waje. Zare wayar filogi, rufe fetur, juye baƙin man a wuri mai tsabta ka dube shi a rana. Idan yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin azurfa to ka shirya, kwanrod ta fara cin kanta. Ka shimfiɗa kwali ko buhu, ba a wannan aikin a kan turɓaya.

2. Raba injin da famfo

Kwance murfin famfon, za ka ga farfela mai tura ruwa a kan sandar injin, zare gare ta, ka riƙe fulawil ka ɗan buga kunnenta da itace ta ɓangaren hagu za ta warware. Bayanta akwai sil ɗin ruwa mai fuska kamar tangaran, ka lallaɓa shi don yana fashewa. Sai notunan da suka kama gidan famfon da jikin injin. Idan janareto ne, doguwar kusa ce ta ratsa rotar, kuma rotar a matse take a kan sanda mai tsini, wannan wani karatun ne daban.

3. Sauke top, wato kan silinda

Cire tanki, salansa, gidan filta da kabreta. Kafin ka taɓa sandar gwamna, wato abin da ke daidaita gudun injin, da sifirin ɗinta ɗauki hoto da waya, wallahi na ga manya sun rikice a nan, ramukan suna da yawa kuma in ka sa a wani ramin injin zai ta hawa da sauka. Kar ka kwance notin hannun gwamna ma sam, babu buƙata. Buɗe murfin bawul, sassauta roka masu danna bawul, zare sandunan bawul biyu da ke tura su ka ajiye kowace da alamar inda ta fito. Notunan top huɗu ne, ka sassauta su a gicciye kaɗan-kaɗan, kar ka cire ɗaya gaba ɗaya sauran suna ɗaure.

4. Buɗe ciki

Goge tsatsar sandar injin da sanfefa tukuna don kar ta yaga oyil sil. Kwance notunan murfin gefe, ka bubbuga shi da ƙotar guduma, kar ka cusa sukudireba a tsakani ka ɓanɓare, alminiyam ne, tabo ɗaya ya isa ya sa yoyon da ba ya ƙarewa. Da ka buɗe ka juya karanshaf har ka ga ɗigon da ke jikin giyarsa ya haɗu da ɗigon giyar kamshaf, ɗauki hoto, wannan shi ne taimin ɗinka. Karkata injin yadda tafet biyun, wato 'yan ƙarafan da kamshaf ke ɗagawa su tura sandunan bawul, ba za su zubo ba, zare kamshaf, sannan ka ciro su ka ware na shiga da na fita.

5. Fitar da fistin

Dubi kan fistin akwai alama kamar kan kibiya, tana kallon ɓangaren ramin sandunan bawul, ka riƙe wannan. Kwance notuna biyu na hular kwanrod, ka lura da inda ɗan cokalin nan na jikin hular yake kallo, shi ne ke ɗibar mai yana watsawa domin injin nan ba shi da famfon mai. Kankare kabon ɗin bakin silinda, sannan ka tura kwanrod da ƙotar guduma fistin ya fito ta sama, hannunka ɗaya na tare shi. Nan take ka mayar da hular jikin kwanrod ɗinta.

6. Ramin silinda

A nan aikin yake, sauran duk kwance-kwance ne. Goge ramin ka haska fitila. Lafiyayyen rami za ka ga siraran layuka a gicciye, wanda ya gaji kuwa sumul yake yana sheƙi kamar madubi, mutane suna ganin sheƙin su ce ai kalau yake alhali mai ba ya zama a kansa. Ja farcenka a kewaye, idan akwai karce daga sama zuwa ƙasa da farce ke maƙalewa a ciki to ringi ba zai toshe shi ba. Sannan taɓa can sama inda ringin farko yake tsayawa, idan ka ji tudu kamar matakala ramin ya cinye, kuma sabon ringi zai riƙa dukan tudun har ya karye.

Yanzu awo. Duk awon nan a milimita ne, ramin sabo 68.00 ne, littafin kamfani ya ce in ya kai 68.165 ya gama aiki, ka ga ko kaurin takarda biyu bai kai ba, ido ba zai gani ba. Ga yadda muke yi ba tare da na'ura ba: ɗauki sabon ringi na sama ka sa shi cikin ramin, ka tura shi da kan fistin don ya zauna daidai ba a karkace ba, ka auna tazarar bakinsa da fila geji a wuri uku, can ƙasa inda ringi ba ya kaiwa, tsakiya, da sama dab da ƙarƙashin tudun. A ƙasa ya kamata ka samu 0.2 zuwa 0.4. Bambancin da ke tsakanin na sama da na ƙasa ka raba shi uku, abin da ya fito kusan shi ne cin da ramin ya yi. Misali ƙasa ta ba ka 0.3 sama ta ba ka 0.8, bambanci 0.5, raba uku ka samu wajen 0.16, to wannan ramin ya kai iyaka ko da mai injin zai yi rantsuwa bara ya saye shi.

Idan cin kaɗan ne kuma babu karce, sanfefa da sabon ringi sun wadatar. Idan ya kai iyaka, hanya biyu ce. Ko ka kai wa masu boring su faɗaɗa ramin da ƙarin 0.25 ko 0.50, amma ka fara sayen fistin da ringin wannan lambar ka kai musu tare, da fistin ake auna rami, ba a yin boring sannan a tafi neman fistin. Ko kuma ka sayi sabon bulo, wato gangar jikin injin da ramin yake ciki, a injin China sau da yawa in ka haɗa kuɗin boring da na mota sai ka ga sabon ya fi sauƙi, na Honda na asali kuwa ni dai ina ganin ya cancanci boring. Abin da ba na yarda da shi shi ne dabarar nan ta sayen ringi mai ƙarin girma a goge bakinsa a cusa a ramin da ba a yi wa boring ba. Ramin da ya cinye ba zagayayye ba ne, ya zama kamar ƙwai, sama faɗi ƙasa matsattse, ringin zai matse a ƙasa ya yi sako-sako a sama. Na taɓa yi wa wani manomi haka ina yaron shago don ya matsa yana sauri, kwana tara injin ya yi ya kama a tsakiyar ban-ruwa, ranar na sha faɗan maigidana har yau ban manta ba.

7. Fistin da fin

Cire tsofaffin ringi, karya ɗaya ka yi amfani da bakinsa ka kankare kabon ɗin cikin ramukan, a hankali kar ka ci alminiyam ɗin. Ƙananan hujojin da ke bayan ringin mai ka buɗe su da siririyar waya, in sun toshe mai ba ya komawa ƙasa sai ya haye sama ya ƙone. Sa sabon ringi a raminsa ka zura fila geji a gefe, idan 0.15 ya shige fistin ya gama aiki, ringi zai riƙa rawa yana tura mai sama. Dubi jikinsa ma, ɗan gogewa ba komai, amma karce mai zurfi ko tsagewa ko wurin da ya narke, canza. Fin kuwa ka zare kilif da filaya, yatsanka a kai don yana tsalle ya ɓata, ka tura fin ɗin waje. Idan ya yi shuɗi ko ka ji gaɓa a jikinsa ko yana ƙwas-ƙwas a cikin ƙaramin idon kwanrod, sabo za ka sa.

8. Kwanrod da wuyan karanshaf

Wannan injin ba kamar mota ba ne, babu metal, wato shimfiɗar ƙarfen da ake sawa tsakanin kwanrod da karanshaf, alminiyam ɗinta ne kai tsaye yake gudu a kan wuyan karanshaf, mai ne kawai a tsakaninsu. Shi ya sa ranar da mai ya ƙare ita ce ta farkon mutuwa. Dubi cikin babban idon, ya kamata ya zama sumul, in ka ga karce ko ya yi baƙi ko kamar an shafa dalma, ta gama. Wuyan karanshaf sabo 29.98 ne, iyakarsa 29.92, ka auna ta fuska biyu in kana da maikiromita. In babu, goge su su bushe, ɗaura kwanrod ɗin a wuyan ka ɗaure yadda ya kamata, sannan ka ja ta sama ka danna ƙasa. Motsi na gefe da gefe dole ne akwai shi, an yi shi da gangan, amma sama da ƙasa bai kamata ka ji komai ba, in ka ji ɗan ƙas to shi ne bugun da mai injin ke ji. Gwada da sabuwar kwanrod, in motsin ya tafi shi kenan, in yana nan karanshaf ne ya cinye, sai a canza shi.

Idan alminiyam ya manne a wuyan, yanki sanfefa 600 doguwa ka jiƙa da mai ka naɗa ka riƙa ja kamar mai goge takalmi har ya fita, kana zagayawa. Kuma don Allah kar ka goge fuskar hular kwanrod a kan dutse don ta matse, na san ana yi, ƙarar takan ɗauke na kwana biyu amma idon ya daina zama zagayayye, ƙarshenta kwanrod ta tsinke ta fasa bulo, an tashi daga ƙaramin kuɗi an koma sayen inji.

9. Gyaran ramin da wanki

Jiƙa sanfefa 240 ko 320 da kananzir, ka riƙa murzawa kana shiga kana fita a lokaci guda yadda layukan za su fito a gicciye kamar saƙar tabarma. Ba a ja miƙe sama da ƙasa. Sheƙin kawai kake son kashewa, minti kaɗan ya isa, ba faɗaɗa ramin za ka yi ba. Daga nan wanki, kuma fetur ko kananzir ba sa fitar da garin sanfefa, sai omo da ruwan zafi da buroshi, ko daga wajen masu boring ya dawo haka za ka yi masa. Shanya, ka goga farin tsumma mai ɗan mai, in ya fito da toka-toka ka sake wankewa. Da ya fita fes ka shafe ramin da mai nan take don tsatsa ba ta jira.

10. Sa ringi

Kowane ringi ka gwada tazarar bakinsa a ramin kafin ya hau fistin. In ya gaza 0.2 ka ɗan goge bakin da magagari, domin in ya ɗau zafi zai miƙe, in bai samu wuri ba ya kama. Fara haɗa fistin da kwanrod yadda ka same su, doguwar ƙafar kwanrod tana ɓangaren alamar kibiya, shafa wa fin mai, sa sababbin kilif ka tabbatar sun faɗa raminsu, bakin kilif kar ya tsaya a saitin ɗan yankan da ke jikin fistin. Ringin mai ne farko a ƙasa, in mai gida uku ne sa mai lanƙwasar tukuna, bakinsa su haɗu kar su hau juna, sannan siraran biyu sama da ƙasa. Sai na biyu, sai na sama wanda yawanci gefensa ke da farin ƙyalli. Duk mai harafi ko ɗigo a jiki, alamar ta kalli sama, in ka kifa na biyu zai riƙa kwaso mai sama maimakon ya share shi ƙasa, injin sabon aiki ya fi na da hayaƙi. Buɗa su da manyan yatsu daidai yadda za su wuce kawai, suna karyewa kamar biskit. Raba bakunansu kashi uku a kewayen fistin, kar su yi layi ɗaya, kar kuma wani ya tsaya a saitin fin.

11. Mayar da fistin

Mai a ramin, mai a ringi, mai a wuyan karanshaf da idon kwanrod, kar ka yi rowa. In ba ka da abin matse ringi, yanko gwangwani mai santsi ka goge bakinsa, ka naɗe fistin da shi ka ɗaure da kilif ɗin mesa. Juya wuyan karanshaf ya koma ƙasa, zura kwanrod, kibiya ta kalli inda ka same ta, ka bubbuga kan fistin da ƙotar guduma. In ya tsaya kar ka ƙara ƙarfi, wani ringin ne ya leƙo, ciro ka sake. Sa hular, layukan jikinta su dace da na kwanrod, cokalin yana kallon inda ka same shi lokacin kwancewa.

Notunan kwanrod ƙarfin ɗaurinsu 12 ne a ma'aunin Nm na tok-renc, na top da na murfin gefe 24. In babu tok-renc nemi sikelin rataya irin na masu awon kaya, ka maƙala shi a hannun sifana santimita 20 daga tsakiyar notin, ka ja a miƙe: kilo 6 na kwanrod, kilo 12 na top da murfi. Ɗaure bi da bi, wannan kaɗan wancan kaɗan. Sannan juya karanshaf da hannu zagaye biyu uku, ya tafi sumul da ɗan nauyin ringi kawai, in ya cije a wani wuri kwance ka duba yanzu.

12. Rufewa

Tafet su koma gidajensu, kamshaf ya shiga ɗigo na kallon ɗigo, haƙori ɗaya in ya goce injin ba zai yi ƙarfi ba ko ya ƙi tashi. Leƙa ka ga hannun gwamna na ciki yana zaune a wurinsa. Kankare tsohon gaskit tas, sa sabo, ba a maimaita na top. Shafa wa leɓen oyil sil mai, rufe murfin ka ɗaure a gicciye, haka top. Kawo fistin sama a lokacin da bawul biyu suke rufe, ka saita su injin na sanyi, na shiga 0.15, na fita 0.20. Tazarar filogi 0.7 zuwa 0.8. Zuba baƙin mai, kaɗan ya ɗara rabin lita yake ci, wajen 0.6, injin na zaune daidai man ya zo bakin ramin zubawa.

13. Tayarwa

In ka mayar da famfon cika shi da ruwa kafin ka ja igiya, sil ɗin yana ƙonewa in ya yi gudu a bushe. Mintocin farko zai ɗan yi hayaƙi, man da ka shafa ne. Bar shi ya yi zafi a ƙaramin gudu kana sauraro kana duba yoyo, amma kar ka bar shi yana silo awa da awanni, ringi ba ya zama sai da ɗan aiki. Ranar farko da ta biyu a ja ruwa a rabin wuta, ana ɗagawa ana saukewa. In ya huce ka sake duba bawul. A juye man bayan awa 20 na aiki, daga nan duk awa 100, ni a ƙurar hunturu nakan ce a yi kafin haka.

Mai injin kuma kafin ya ɗora shi a babur ka buɗe gidan filta a gabansa. Rabin waɗanda ake kawo mini soson ya ruɓe ko an cire shi an yar wai don injin ya sha iska, ƙurar da ta ci ramin ta nan ta bi. Sa masa sabo, ka nuna masa yadda zai wanke soson da omo ya shanya ya ɗiga masa mai ya matse, sannan ka ce ya nemi katako ya ɗora injin a kai a bakin rijiya ya daina dasa shi a cikin yashi a karkace.